Rauni a Kai: Yadda Ake Gane Shi, Yadda Ake Jinyarsa, da Yadda Ake Neman Diyya

 

Wata shekara ina zagayen duba azuzuwan yaƙi da jahilci a wani ƙauyen masu garka, gabas da Agadas. Da na shiga aji sai na ga babu wani ɗalibi da na sani. Magidanci ne mai ƴaƴa 5, kuma duk ajin babu wanda ya kai shi kyawun rubutu. Na tambayi malaminsu. Ya ce mini ai ya faɗo daga saman motar albasa wajen lodi.

Ga yadda abin ya faru. Da ya faɗo, ya suma na ɗan lokaci. Aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya karkaɗe rigarsa, ya ce babu komai. Jini bai fita ba, sai ɗan ƙululu a gefen kai. Mai mota ya ba shi kuɗin magani, ya kawo wata takarda da aka rubuta da Faransanci, ya ce ya dangwala yatsa. Ya dangwala. Ba a kai shi wurin likita ba.

Bayan mako 2 ciwon kai ya matsa masa. Ya fara mantuwa. Mutumin da ba a taɓa jin kansa da iyalinsa ba ya koma faɗa dare da rana. Aka ce iskoki ne. Aka sayar da awaki wajen neman magani. Sai bayan wata 2 aka kai shi asibiti, likita ya ce faɗuwar nan ce ta taɓa ƙwaƙwalwa. Da dangi suka koma wurin mai mota, sai ya fito da takarda. Ashe an rubuta a ciki cewa an sasanta, babu sauran magana.

Na je gaishe shi. Ya ɗauko littafinsa na aji, ya daɗe yana kallo. Rubutun da ya yi da hannunsa ya gagare shi karantawa.

Kurakurai 3 aka yi. Ba a kai shi asibiti a ranar ba. Ba a karɓi takardar likita ba. Ya sa yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Don haka na ga ya kamata mu tattauna wannan magana daga tushe.

Ina haɗarin yake a yankinmu?

Yankinmu yankin aikin ƙarfi ne. An kafa kamfanin SOMAIR a shekarar 1968, ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 kusa da Akokan, cikin rami mai zurfin mita 250, har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe shi. A Anu Araren, kusa da Cirozerin, kimanin kilomita 75 daga Agadas, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙo gawayin ƙasa, yana ƙona shi don samar da wutar lantarki. Duk inda ake fasa dutse, ana tuƙa manyan motoci, ana hawa bisa, to akwai haɗarin buguwar kai.

Tun shekarar 2014 kuma dubban samari suka bazama neman zinariya a Jado da Cibarakaten. Suna shiga rijiyoyi masu zurfi da igiya, yawancinsu kai babu hula. A watan Nuwamba 2021 wani ramin zinariya ya rufta kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Sai hanya. Hanyar yuraniyom, wadda ta taso daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa Arlit, ba ta rabuwa da manyan motoci. Cikin gari kuwa ga ƴan kabu-kabu da fasinjojinsu.

Manoma da makiyaya ma ba su tsira ba. Mai garka a Timiya ko Tabelot yana hawa dabino, yana shiga rijiya yasa. Raƙumi yana kayar da mahayi. Jaki da doki suna harbi. Amalanke yana kifewa. Yaro yana faɗowa daga katanga. Maganar ta shafi kowa.

Me ke faruwa cikin kai?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo 1 da rabi ba. Tana da taushi ƙwarai. Allah ya ajiye ta cikin ruwa, ya lulluɓe ta da ƴar fata, ya rufe ta cikin ƙoƙon kai. Ita ke sarrafa numfashi, da gani, da ji, da magana, da tafiya, da tunani, har da halin mutum.

Ka sa curin fura cikin ƙwarya mai murfi, ka girgiza da ƙarfi. Ƙwarya ba za ta fashe ba, amma fura za ta bugi gefe da gefe. Haka ƙwaƙwalwa ke yi idan kai ya bugu. Saboda haka ana iya samun rauni a ciki ko da fata ba ta tsage ba.

Raunin iri-iri ne:

1. Girgizar ƙwaƙwalwa. Mutum ya ruɗe, ya ga jiri, ko ya manta abin da ya faru. Wani yakan suma, wani ba ya suma. Rashin suma ba ya nuna cewa lafiya lau ne.

2. Tsagewar ƙoƙon kai, ko lotsawarsa ciki.

3. Zubar jini a cikin kai. Wannan ya fi kowanne haɗari. Idan hannu ya kumbura, fata tana buɗewa ta ba kumburi wuri. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Jinin da ya taru sai ya danne ƙwaƙwalwa.

A kula da wannan ƙwarai. Ƙashin da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, mutum yana iya farfaɗowa, ya yi magana, har ya ci abinci. Bayan ƴan awoyi sai barci mai nauyi ya ɗauke shi, daga nan sai dogon suma. Idan an yi masa aiki da wuri, yawanci yakan tashi sarai. Idan an makara, sai a rasa shi.

Tsofaffi kuwa nasu yakan zo a hankali. Ƴar faɗuwa kaɗan, jini ya riƙa tsattsafowa. Sai bayan makonni tsoho ya fara ruɗewa ko jan ƙafa, a ce tsufa ne. Alhali da an kai shi asibiti, ana iya zuƙe jinin ya dawo hayyacinsa.

Alamomi 10 na haɗari

Idan mutum ya bugu a kai, kuma aka ga ko da 1 daga cikin waɗannan, a kai shi asibiti nan take:

1. Ya suma, ko da na ɗan lokaci ne.
2. Ciwon kai yana ƙaruwa.
3. Yana ta amai.
4. Barci ya yi masa nauyi, ana tashinsa da ƙyar.
5. Ya ruɗe, bai gane mutane ba, ko yana ta maimaita tambaya guda.
6. Maganarsa ta karye, ko harshe ya yi nauyi.
7. Hannu ko ƙafa ya mutu, ko yana tangaɗi wajen tafiya.
8. Jijjiga irin ta farfaɗiya.
9. Jini ko farin ruwa yana fita ta kunne ko ta hanci, ko kewayen idanu biyu ya yi baƙi.
10. Baƙin tsakiyar ido guda ya fi na ɗayan girma, ko yana ganin abu biyu-biyu.

Ga jariri, a duba maɗiga. Idan ta kumbura, ko ya ƙi kama nono, ko yana kukan da ba ya lallasuwa, a tafi asibiti. Tsoho, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda ya faɗo daga wuri mai bisa, a kai su ko ba a ga wata alama ba.

Taimakon farko

Wanda ya bugu a kai, mai yiwuwa ne wuyansa ma ya taɓu. Cikin ƙashin wuya laka take. Idan aka ciccibe shi da gaggawa, kai na reto, ana iya shanye masa jiki har abada. Ga abin da za a yi:

Mutum 1 ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da jiki. A duba ko yana numfashi. Idan yana amai, mutum 3 ko 4 su juya shi gefe gaba ɗaya, kai da wuya da baya a miƙe, kamar ana juya gungume. Idan jini na zuba daga fata, a danne da tsumma mai tsabta. Amma idan ƙashi ya lotsa, kada a danna wurin. Idan wani abu ya cake a kai, kada a cire. A ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. A cikin gari ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda a lamba 17.

Ga kuma abin da ba a yi:

Ba a ɗura wa sumamme ruwa, ko nono, ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Ba a girgiza shi. Ba a toshe kunne ko hanci mai zubar da ruwa. Ba a zuba ƙasa, ko toka, ko garin taba a kan rauni. Ba a yin ƙaho ko sakiya, domin jinin da ke cikin ƙoƙon kai ƙaho ba ya kai gare shi. Ba a ba shi tiramol, domin yana ɓoye alamomi, yana kuma iya tayar da jijjiga. Ba a ba shi asfirin, ko ibuforofen, ko dikulofenak, domin suna iya ƙara zubar jini.

Mutum 1 ya lura da lokaci. Ƙarfe nawa abin ya faru? Minti nawa ya yi a sume? Sau nawa ya yi amai? Wannan bayani zai taimaki likita yau, zai kuma taimaki mai neman diyya gobe.

Abin da likita zai yi

Da farko likita zai tabbatar iska na shiga, jini kuma yana gudana daidai. Sannan ya auna zurfin suman. Akwai ma'aunin da likitocin duniya ke aiki da shi. Wasu likitoci 2, Graham Teasdale da Bryan Jennett, su suka fito da shi a birnin Gilasgo na Birtaniya a shekarar 1974. Ana duba abu 3: buɗe ido, maki 4, magana, maki 5, motsi, maki 6. Jimla 15. Mafi ƙanƙanta 3.

Daga 13 zuwa 15, rauni mai sauƙi.
Daga 9 zuwa 12, matsakaici.
Daga 3 zuwa 8, mai tsanani.

Ku roƙi likita ya rubuta wannan lamba a takarda. Shaida ce babba.

Sai ɗaukar hoto. Hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, ƙashi kawai yake nunawa. Ba ya nuna jinin da ke cikin kai. Na'urar da ke nuna shi ita ce sikana, wadda aka fara gwadawa a kan marar lafiya a Landan a 1971. Akwai kuma wata mai suna IRM, wadda ta fi nuna ƙananan raunuka na cikin ƙwaƙwalwa. Ba kowane asibiti ke da waɗannan na'urori ba. A sani kuma, mai girgizar ƙwaƙwalwa sau da yawa hotonsa na sikana yakan fito lafiya lau, alhali yana shan wahala. Hoto mai kyau ba ya nufin mutum ƙarya yake yi.

Akwai wata allurar rage zubar jini mai suna tiranekzamik. Wani babban bincike da aka bayyana a 2019 ya nuna tana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici da jini ke zuba a kansu, idan an yi ta cikin awa 3 na farko. Kun ga amfanin sauri.

Idan jini ya taru da yawa, sai tiyata. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasarmu. Mafi yawansu suna Yamai, a Asibitin Ƙasa da kuma Babban Asibitin Referans da aka ƙaddamar a 2016. Akwai kuma sashe a Asibitin Ƙasa na Damagaram. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne. Daga Agadas zuwa Yamai fiye da kilomita 900. Wanda ke da irin wannan tafiya a gabansa bai kamata ya kwana yana shawara ba. Idan likita ya ce a wuce gaba, a wuce.

Jinya a gida

Idan an sallami marar lafiya, kada a bar shi shi kaɗai a kwana 2 na farko. Babban mutum mai hankali ya zauna kusa da shi. Yana iya barci, amma a riƙa duba shi kamar yadda likita ya ce. Idan wata alama cikin 10 ɗin nan ta fito, a koma asibiti ko tsakar dare ne.

Maganin ciwon kai shi ne farasitamol, gwargwadon yadda likita ya rubuta. Ya huta kwana 1 ko 2. Daga nan ya fara ƴar tafiya da ƙaramin aiki, yana ƙarawa sannu a hankali. Kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau dabino, kada ya shiga rami, sai likita ya yarda. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi na farko muni.

Mafi yawan masu rauni mai sauƙi suna warkewa cikin mako 2 zuwa 4. Masu rauni mai tsanani kuwa sun fi samun sauƙi a wata 6 na farko, kuma sauƙin yana iya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Suna bukatar motsa gaɓoɓi, da koyon magana, da haƙurin iyali.

Lahanin da ido ba ya gani

Wanda ya karye a ƙafa, kowa na ganin sandarsa. Mai raunin ƙwaƙwalwa kuwa sai a gan shi garau. Amma matarsa ta san ba shi ba ne. Yana mantuwa. Yana saurin fushi. Hayaniya da hasken rana suna damunsa. Barci ya ƙaurace masa. Ba ya jin ƙamshi. Lissafin kasuwa ya gagare shi. Wani yakan shiga baƙin ciki, ya daina shiga mutane. Wani farfaɗiya takan same shi bayan watanni.

Duk wannan daga raunin yake. Kada a ce lalaci ne. Kada a zargi maƙwabci da sammu. A yi addu'a, a kuma koma wurin likita. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa, kuma akwai maganin da ke tsayar da ita idan ana sha kullum.

Diyya haƙƙi ce

Wasu suna jin kunyar neman diyya. Suna cewa ƙaddara ce, an bar wa Allah. Gaskiya ne ƙaddara ce. Yafewa kuma alheri ce ga wanda ya san abin da ya yafe. Amma mu tuna da abin da malamanmu ke karantarwa a zaure. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya fi shekara 1000, kuma ya rarraba raunukan kai daki-daki. Raunin da ya tone ƙashi, wato muliha, diyyarsa raƙuma 5. Wanda ya farfasa ƙashi har ya gusa, wato munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, wato ma'amuma, sulusin diyyar rai. Gushewar hankali kuwa cikakkiyar diyya ce, raƙuma 100. Littafin ya kuma nuna cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke.

Kotunan ƙasarmu da dokar ƙasa suke aiki, ba da lissafin raƙuma ba. Amma hikimar guda ce: a auna raunin, a jira a ga ƙarshensa, sannan a biya. Da ɗalibin nan nawa ya jira, da bai sayar da haƙƙin ƴaƴansa a kan kuɗin magani na kwana 2 ba.

Hanya ta farko: haɗarin aiki

Ma'aikacin da aka yi wa rajista a Asusun Ƙasa na kare ma'aikata, wato CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana da kariya. Mai ba da aiki ne ke zuba kuɗin wannan kariya ta haɗari. Haɗarin da ya faru a wurin aiki, da wanda ya faru a kan hanyar zuwa aiki ko komawa gida, duk suna ciki.

Doka ta wajabta wa mai ba da aiki ya kai sanarwar haɗari cikin awa 48. Idan bai kai ba, ma'aikaci ko iyalinsa su je da kansu ofishin sufeton ƙwadago da na CNSS, kada su yi jinkiri.

Ga abin da ake samu. Ana biyan kuɗin jinya. Ana ba ma'aikaci rabin albashinsa na yini a kwana 28 na farko, daga kwana na 29 kuma kashi 2 cikin 3, har ya warke ko raunin ya tsaya. Idan lahani ya zauna, likita zai auna shi da kashi cikin 100. Idan bai kai kashi 10 ba, ana biya sau guda. Daga kashi 10 zuwa sama, ana biya a kai a kai kamar fansho. Idan rai ya yi halinsa, mata da marayu suna da rabo.

Saboda haka, ya kai ma'aikaci, tun kana da lafiya ka tambayi lambarka ta CNSS, ka rubuta ta, ka nuna wa matarka inda ka ajiye. Masu aiki a ƙarƙashin ƴan kwangila su fi kowa kula da wannan.

Hanya ta biyu: haɗarin mota da babur

A ranar 10 ga Yuli 1992 ƙasarmu da wasu ƙasashen Afirka suka sa hannu a kan yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde. Dokarta ta fara aiki a 1995. Ta wajabta wa duk mai mota ko babur ya yanki asurans, abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira inshora. Wannan asurans ɗin yana biyan wanda aka buge a hanya, da fasinja. Ba ya biyan direban abin hawan kansa, sai in ya yanki wani na dabam.

Tushen neman diyya a nan shi ne rahoton jandarma ko na ƴan sanda. Don haka a kira su su zo wurin. A rubuta lambar mota, da sunan kamfanin asurans, da sunayen shaidu 2 ko 3. Mai salula ya ɗauki hoto.

Doka ta ɗora wa kamfanin asurans ya kawo tayin diyya cikin wa'adi. Kamfanin zai tura ka wurin likitansa ya auna ka. Kana da damar zuwa da naka likita, da kuma mai ba ka shawara, da kuɗinka. Idan jinya ta yi tsawo, ana iya ba da wani kaso kafin biyan ƙarshe. Idan ba a daidaita ba, sai kotu.

Wanda ba ya da ko ɗaya

Ɗan lodi, da ɗan ƙwadagon garka, da mai haƙar zinariya, yawanci babu rajista. Wannan bai kashe haƙƙinsu ba. Ana iya kai kuka wurin sufeton ƙwadago. Ana iya sasantawa gaban sarki ko mai unguwa. Ana iya zuwa kotu. Idan za a sasanta, a yi gaban shaidu, a rubuta, kowa ya riƙe kofi. A rubuta cewa kuɗin da aka karɓa na jinyar farko ne, sauran magana sai likita ya ce raunin ya tsaya.

Takardun da za a adana

1. Takardar shaida ta likita ta ranar farko. Ita ce uwar takardu. A ciki likita zai rubuta ranar haɗari, da abin da ya gani, da yawan kwanakin hutu. Ita ke ɗaure ciwon da haɗarin. In babu ita, sai a ce ciwon daga wani wuri ya zo.
2. Takardun ƙarin hutu.
3. Hotunan sikana da bayaninsu.
4. Takardun magani, da resi na duk abin da aka biya, har kuɗin mota.
5. Rahoton jandarma, ko kofin sanarwar haɗarin aiki.
6. Takardar ƙarshe, wadda ke cewa an warke, ko raunin ya tsaya da lahani kaza.

A sa su cikin leda, a ajiye inda gara da ruwa ba su kaiwa. A yi fotokofi. Kada a ba da ta asali sai an karɓi shaidar karɓa.

A nan ne karatunmu zai yi rana. Ku sayi ɗan littafi, ku riƙa rubuta halin marar lafiya kullum. Misali: Litinin, 4 ga wata, ya yi amai sau 2. Talata, ya manta hanyar masallaci. Ku rubuta da Hausa, ko da Tamashek, ko da ajami. Marar lafiya ba zai tuna ba, domin mantuwa ita ce ciwonsa. Littafin zai tuna masa a gaban likita.

Gaban likita a faɗi gaskiya tsantsa. Kada a ƙara, domin cin haram ne, kuma likitoci suna ganewa. Kada kuma a rage. Mazan yankinmu suna da jarumta da kunya. A tambayi mutum, ya ce alhamdu lillahi da sauƙi, alhali bai runtsa ba. Likita abin da ya ji shi zai rubuta. Gode wa Allah wajibi ne, bayan haka sai a zayyana ciwo. Mata ko ɗa su raka shi, su faɗi abin da suke gani a gida.

Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa, sai wanda ka amince da shi ya karanta maka takarda daga farko har ƙarshe, ya fassara maka. Malamin ajinku zai taimaka. Mai gaskiya ba ya ƙin a jira shi kwana 1.

Rigakafi ya fi magani

Babu diyyar da ke mayar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano, idan an sa ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. A ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da aka rataya a hannun babur ba ta kare kowa. Fasinja ma kai gare shi. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a canja ta. Mai shiga rami ko rijiya ya sa hular aiki, na sama kuma su kawar da duwatsu daga bakin rami. Mai hawa dabino ya duba igiyarsa. A guji hawa saman kaya a mota. A yi wa rijiyar garka baki saboda yara.

Ɗalibin nan nawa yana nan da ransa. Babban ɗansa ne ke riƙe da garka. Matarsa ta shiga ajin mata a shekarar da ta biyo, ta ce ba za a sake kawo takarda gidansu a rasa mai dubawa ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:

1. Kawo alamomin haɗari 5 daga cikin 10.
2. Don me ba a ba sumamme ruwa?
3. Wace takarda ce uwar takardu, kuma yaushe ake karɓarta?
4. Mutum nawa ne a ajinku suke hawa babur babu hular kwano?

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.